Malam Yahuza Mai Wankin Tanki

A takardar ɗaukar aikinsa, Malam Yahuza mai yasar rijiya ne. Haka aka rubuta shekara talatin da huɗu da suka wuce, haka kuma take har yau, don ba a taɓa samun wanda ya huta har ya buɗe fayil ɗin ba. Amma a sakatariyar ƙaramar hukumar da yake aiki, wadda ba sai an faɗi sunanta ba tunda masu ita suna da rai, in ka tambayi mai yasar rijiya kallonka kawai za a yi. Ka ce mai wankin tanki, ko masinja zai nuna maka shi a gindin darbejiya: gajeren mutum mai faɗin ƙirji, da hula ɗaya da ta ga ciyaman tara.

Ɗan Ƙwarin Kanya ne, wani ƙauye da ke bayan duwatsu, tafiyar minti arba'in daga Dutse in ba a yi ruwa ba. Mahaifinsa, Malam Arzika, maginin rijiya ne da aka sani har wajejen Taura. Ba shi da na'ura, ba shi da takarda. Yakan zaga daji ne kwana biyu yana duba inda gara ta yi suri da inda kanya ta ƙi zubar da ganye a bazara, sannan ya soke sanda ya ce a haƙa nan. Rijiyar da ya haƙa wa garinsu, gaba goma sha biyar, ba ta taɓa ƙafewa ba, ko a shekarun da aka sha wuyar fari. Sunansa ake kiranta da shi. A cikinta Yahuza ya fara sauka yana ɗan shekara sha huɗu, igiya a ƙugu, uban yana sama bai ce masa sannu ba.

Da hukuma ta nemi masu yasa ya shiga, ya yi shekara goma sha biyar yana fitar da laka da tsoffin gugaye da matattun kaji daga rijiyoyin mutane. Yana son aikin. Sai zamanin burtsatse ya zo, rijiya ta zama abin kunya, kamar tsohuwar da ake ɓoyewa in baƙi sun zo. Kowane ciyaman ya hau, sai majalisa ta zauna ta amince da burtsatse goma ko goma sha biyu, kowacce da tankinta a sama da allonta a ƙasa mai ɗauke da sunan wanda ya yi. A yi adalci, da yawa sun ba da ruwa, mutane suna sha suna sa albarka. Matsalar ita ce ƙasar nan dutse ne a ƙarƙashinta, kuma dutse ba ya karanta takardar majalisa. Wata burtsatsen sai a huda a samu danshi kawai. Ranar bikin buɗewa kuwa an riga an sa ta, an gayyaci 'yan jarida, an yi hayar rumfa.

Nan Yahuza ya sami sabon amfani. Ana gobe biki, sai a tura shi da amalanke da jarkoki. Ya ɗebo ruwa daga inda ya samu, ya hau tsani, ya juye a tanki. Kashegari ciyaman ya murɗa kan famfo, ruwa ya zubo, mata su yi guɗa, a ɗauki hoto, kowa ya shiga mota. A ofis sunan wannan aiki wankin tanki. Ba wanda ya taɓa kiransa da wani suna, shi ma bai taɓa ba.

Kuma gwani ne, wannan ba a ƙwace masa. Ya san bakin famfo huɗu suna shanye jarka arba'in a cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Ya san daga murɗa famfo zuwa tashin motoci ba a kai awa, sai in ciyaman ɗin tsohon malamin makaranta ne, to sai a ƙara jarka goma. Ya san a tace ruwan da ƙyalle saboda kofin da mai girma zai kurɓa. A shekara goma sha tara bai taɓa ba hukuma kunya ba. Abu ɗaya ne kawai: duk garin da ya wanke wa tanki ba ya sake bi ta cikinsa. In hanya ta biya ta nan, sai ya zagaya da babur ta gonaki. Matarsa Mahbuba ta taɓa lura cewa zuwa Buji, da mutane ke yi a minti talatin, shi yana cin awa guda. Ya ce mata titin ne ya lalace.

Saura wata takwas ya yi ritaya aka kawo maganar garinsu.

Da daminar da ta gabata amai da gudawa sun shiga wani ƙauye da ke kusa, aka rasa rayuka, aka ce ruwan buɗaɗɗiyar rijiya ne. Majalisa ta zauna ta yanke hukunci mai kyau a takarda: duk garin da aka ba burtsatse, da zarar ruwa ya zubo a famfo, a rufe tsohuwar rijiyarsa da siminti da rodi. Ƙwarin Kanya na cikin jerin. Aka kawo injin huda, aka kafa shi a bakin titi, kan tudun da ke mashigar gari, don allon da ba a gani daga mota asarar fenti ne. Yahuza ya je ya duba wurin, ya ga ko ciyawa ba ta son tudun. Ya faɗa wa shugaban sashen ruwa, Injiniya Abdulbaƙi, cewa babansa ya taɓa gwada nan sau biyu ya bari. Injiniya ya ce zamanin Baba daban, yanzu na'ura ce ke gani.

Na'ura ta gani, aka huda kwana tara. Aka samu ruwan da zai cika bokiti uku da safe, sannan famfo ya koma tari har gobe. Duk da haka aka ɗora tanki, aka jera faifan sola, aka kafa allo. Aka kuma sauke buhun siminti goma sha biyu da rodi a gefen rijiyar Arzika, aka rufa musu leda.

Ranar Litinin Injiniya ya kira Yahuza ofis ya rufe ƙofa. Ba mugun mutum ba ne, yaro ne mai ladabi da ke da 'ya'ya huɗu da maigida a samansa. Bai iya haɗa ido da shi ba. Ya ce biki ranar Alhamis ne, a wanke tanki ranar Laraba, jarka arba'in kamar kullum.

Yahuza ya ce, "Yallaɓai, a ina zan ɗebo ruwan?"

Injiniya ya juya biro a hannu ya ce, "Baba Yahuza, ai akwai rijiya a garin."

Ya ƙara da cewa wannan karon ciyaman da kansa zai sa cokalin farko na simintin rufe rijiyar, bayan ya buɗe famfo, don a haɗa hoto biyu a tafiya ɗaya. Ya kuma tuna masa, cikin taushin murya, cewa takardun fansho ta teburin ciyaman suke bi.

A gida Yahuza ya kasa cin tuwo. Mahbuba ba mai zagaye-zagaye ba ce. Ta ce shekara talatin da huɗu ba wasa ba ne, gwiwarsa ta riga ta tafi, rufin ɗakin baya yana yoyo, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ta kwashe kwanuka, ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce ita ma dai da ruwan rijiyar nan aka yi mata wankan jego sau shida. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce ya bari ba, ta bar shi da su duka biyun.

Abin da ke gabansa a fili yake. In ruwa ya zubo ranar Alhamis, za a rufe rijiyar, gari mai gida ɗari da wani abu da rugage uku su koma kan bokiti uku. In bai zubo ba, kowa ya san hannun wa ke ciki, fansho kuma ya bi ruwa. Tsoro ya kama shi sosai, da kunya, kunyar ma ta fi yawa.

Ranar Laraba da hantsi ya isa da amalanke. A wasu garuruwan yakan ce wanki ya zo yi, a yarda ko a yi kamar an yarda. A nan babu wanda zai yi wa wannan zance. Mata suka matsa suka ba shi wuri a bakin rijiya, ba wadda ta gaishe shi da gajiya. Ƙanwar babansa, Gwaggo Fatsuma, wadda ta haura tamanin, ta zauna a kan kwamin da shanu ke shan ruwa tana ƙirga masa jarkokin da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai rakiyar gawa. Da ya kai arba'in ta ce, "Arzika ya haƙa, ɗansa ya kwashe. Allah ya yi albarka." Ya ce amin, don bai san abin da zai ce ba.

Ya tace, ya hau tsani sau arba'in, ya juye. Bai rage ko kofi ba. Da ya gama, maimakon ya kama hanyar gida, sai ya gangara ruga wurin Arɗo Idirisu. Tare suka tashi, shanun Arɗo kuwa a kwamin rijiyar nan suke sha tun zamanin iyayensu. Suka yi magana a tsaye, ba ta kai minti biyar ba. Arɗo ya tambaye shi rabonsa da shiga rijiya. Ya ce shekara goma sha tara. Arɗo ya dubi cikinsa, ya dubi gwiwarsa, ya ce to zai zo da sabuwar igiya da samari huɗu maimakon biyu.

An sa biki ƙarfe goma, saboda haka ciyaman ya iso sha biyu saura. Aka yi addu'a, dagaci ya yi godiya, kansila ya yi godiya a kan godiyar. Ciyaman ya karɓi lasifika ya ce daga yau an yi sallama da ƙishirwa a Ƙwarin Kanya, kuma ba zai bar garin nan ba sai ya toshe wancan ramin cuta da hannunsa. Ya yanke ƙyalle, ya murɗa famfo. Ruwa ya zubo fari tas. Ya kurɓa ya ce ruwan burtsatse daban ne, ko a baki ana ji. Mutanen gari suka yarda da shi cewa ruwan yana da daɗi, tunda sun shekara sittin suna shan sa.

Daga nan ayari ya taka zuwa rijiya, mai hoto a gaba, birkila na biye da kwanon siminti kwaɓaɓɓe. Suka tarar da Arɗo Idirisu zaune a bakinta ya tokare ƙafa, igiya ta bi ta hannunsa ta zagaya gindin kanya, samari huɗu na riƙe da ita. A gefe ga tarin baƙar laka tana ɗigar ruwa, ga takalman roba da hula an ajiye a kansu. Injiniya Abdulbaƙi ya gane hular.

Ciyaman ya tambayi abin da ke faruwa. Arɗo ya ce, "Ranka ya daɗe, ma'aikacinku ne a ciki. Yasa yake yi."

Aka tambayi wa ya sa shi. Arɗo ya ce shi dai an ce masa aikinsa ke nan a takarda. Aka dubi Injiniya, Injiniya ya dubi ƙasa ya ce, a gaskiya, a takarda haka ne. Kansila ya ce a kira shi ya fito, ya nufi bakin rijiyar. Gwaggo Fatsuma ta tare shi da sandarta. A garin nan akwai doka tun ta Malam Arzika: in mai yasa yana ƙasa ba a leƙa shi, kada a tare masa haske ko a turo masa tsakuwa, ba a kuma kiransa, shi ke jan igiya sau uku in ya gama. Wanda duk ya sa aka jawo mutum ba shiri ya faɗo, jininsa na wuyansa. Kansila ya ja da baya, don zaɓe saura shekara.

Ba a rufe rijiya da mutum a ciki, ko majalisa ba ta yi tanadin hakan ba. Ciyaman kuma ya riga ya faɗa a lasifika cewa ba zai tafi ba. Aka kawo masa kujerar roba gindin kanya, ya zauna, ya ce ai minti goma ne.

A ƙasa, Yahuza na tsaye cikin ruwa har ƙirji. Kafin ya sauka sai da ya zura fitila ya ga ba ta mutu ba, kamar yadda aka koya masa, amma fitila ba ta gwada gwiwar mutum. Saukar ta kusa kashe shi. Ramukan da uban ya sassaƙa a bango don sa ƙafa suna nan, ƙafarsa ta tuna su, ƙarfinsa ne ya manta. Yanzu sanyi ya shiga ƙashinsa, sama ta zama kamar bakin ƙwarya. Yana cika bokiti da laka, ya ja igiya sau ɗaya, a janye, a dawo masa da shi. Ba ya sauri. Agogo ba shi da amfani a wurinsa, lissafin yana kansa: ya ji guɗar buɗe famfo, ya kuma san mata sun jera bokitai a bakuna huɗu, don Gwaggo ta bi gida-gida ta ce kowa ta je ta karɓo ruwan gwamnati. Abin da ake buƙata kawai shi ne ya fi jarka arba'in daɗewa.

Yana laluben bango ya dafa, sai hannunsa ya faɗa cikin wani gurbi a jikin simintin ƙasa. Shatin tafin hannu ne, na ranar da aka zuba simintin yana ɗanye. Ya manta da shi sam. Ya sa tafinsa a ciki, yatsun uban suka fi nasa tsawo da kusan gaɓa guda. A nan ya yi kuka, kuma wuri ne mai kyau na yin kuka, tunda ba mai leƙowa kuma fuska a jiƙe take dama.

A sama siminti ya fara ƙanƙara a kwano, birkila ya yayyafa masa ruwa sau biyu. Mai hoto ya zauna. Aka kira azahar. Ciyaman, da zufa ta jiƙa masa babbar riga, ya miƙa buta ya ce a ɗebo masa ruwan alwala a sabon famfo. Ɗan sandan da ke tsaronsa ya tafi, ya daɗe, ya dawo da buta a hannu yana tafiya a hankali. Kafin ya iso an riga an ji, don famfon yana tari ana jiyowa daga nan, mata kuma sun taho a jere da bokitai a ka, rabinsu babu komai. Suka zo suka ajiye su a bakin rijiya, inda suka saba ajiyewa.

Injiniya ya fara bayani a kan gajimare da faifan sola. Aka ɗaga kai aka dubi sama, babu gajimare ko na magani.

Liman ya ce lokaci na tafiya. Arɗo Idirisu bai tambayi kowa ba, ya ɗaura guga ya zura a hankali ta gefe. Aka ji an karɓa a ƙasa. Aka jira kaɗan, don mai yasa ya san gefen idon ruwa inda laka ba ta tashi ba. Igiya ta motsa sau ɗaya, guga ya hau cike, fari tas. Aka zuba wa ciyaman a buta. Ya kuskure baki, ya tsaya da ruwan a bakinsa ɗan lokaci. Duk wanda ke wurin ya ga ya gane ɗanɗanon.

Ya idar da alwalarsa, aka yi salla, ya shiga mota. Bai taɓa cokalin siminti ba. Sai da ƙarar motoci ta ɓace aka ja igiya sau uku.

Sauran labarin na ofis ne. An ba Malam Yahuza takardar tuhuma bisa laifin yin aikin da ba a sa shi ba. Ya kai wa wani mai shago a Yalwawa ya buga masa amsa layi biyu, cewa ya wanke tanki kamar yadda aka umarta, ya kuma yashe rijiya kamar yadda aka ɗauke shi. Aka kafa kwamiti. Takardun fanshonsa suka kwanta a kan teburi shekara ɗaya da wata biyu, har sai da aka sake ciyaman, rufin ɗakin baya kuma ya ƙara damina guda yana yoyo. Mahbuba ta sa kwano a wurin, ba ta taɓa yi masa gori ba. Hukuncin rufe rijiya ba a soke shi ba, yana nan yana jiran ruwa ya zubo a famfo. Buhunan simintin damina ta daskarar da su, mata na ɗora bokiti a kai. Mutanen gari suka yi karo-karo aka ƙera wa rijiyar murfin ƙarfe mai buɗewa, saboda maganar amai da gudawa ba ƙarya ba ce.

A Ƙwarin Kanya yanzu ana gaishe shi da gajiya tun daga nesa, Gwaggo Fatsuma har fura ta aika masa. Shi dai bai ji daɗin da aka zaci zai ji ba. Kwana uku ya yi a kwance gwiwa a kumbure, a kwana ukun nan kuma ya ƙirga garuruwan da ya wanke wa tanki tun daga farko. Ashirin da uku ne. Bai san halin da ko ɗaya ke ciki ba, tunda ta gonaki yake zagayawa. Ya aika aka tambayo masa. Aka ce wasu an sake huda musu sun samu, wasu sun koma rijiyoyinsu da suka cushe don ba mai yasa, huɗu kuma daga cikin na baya-bayan nan an riga an rufe musu rijiya da siminti, matansu na tafiyar awa biyu neman ruwa. A waɗancan garuruwan babu inda babansa ne ya haƙa rijiyar.

Ranar da ya iya taka ƙafa, ya ɗaure igiyar Arɗo da guduma da kurfi na fasa siminti a bayan babur. Mahbuba ta tambaye shi ina zuwa da wannan gwiwar. Ya faɗi sunan garin farko a cikin huɗun. Ta ce ai titin can ya lalace, shi ya faɗa mata da bakinsa.

Ya ce, "Titin lafiya lau yake," ya tayar da babur.